Yadda ake gane darasin gyaran gida da ya cancanci a bi shi

Tambaya: Ina so in riƙa yin ƙananan gyare-gyaren gidana da hannuna, kamar fenti, liƙa tayil, gyaran famfo mai ɗiga da maƙala kanta a bango, amma duk lokacin da na nemi bayani a intanet sai in tarar da darussa barkatai, wannan ya ce kaza wancan ya musa shi. A ina ake samun darasi mai kyau, kuma yaya zan bambance shi da na banza?

Amsa: Malam, na daɗe ina duba aikin gini da gyare-gyarensa, kuma abin da ya fi ba ni mamaki a cikin ayyukan da ake kira na in duba bayan sun lalace shi ne, sau da yawa darasin da mai gidan ya bi gaskiya ne. Wanda ya koyar ya san aikinsa, matakan da ya zayyana ma daidai suke, sai dai a wani gida daban yake tsaye lokacin da yake magana, gidan da bangonsa da wutarsa da yanayin ƙasarsa duk suka bambanta da na wanda yake kallo. Saboda haka kafin ka tambayi kanka ko wannan mutumin gwani ne, fara da tambayar ko gidan da yake aiki a ciki irin naka ne. Wannan tambaya kaɗai za ta tace maka kaso mai yawa na abin da za ka ci karo da shi.

Mu ɗauki maƙala kanta da ka ambata, tunda shi ake gani mafi sauƙi. Da yawa daga cikin darussan da suka cika intanet daga Amurka suke fitowa, inda akasarin gidaje ake kafa su da katako sannan a rufe da allunan farar ƙasa, kuma sandunan katakon da ke cikin bangon galibi tazarar inci 16 ke tsakaninsu, wato kimanin santimita 40. Mai koyarwa a can zai ɓata rabin darasinsa yana nuna maka yadda ake lalubo sandar da ke ɓoye domin a ɗaura ƙusa mai zare a jikinta, kuma ya yi gaskiya. Idan bangonka na bulon siminti ne, babu ko sanda ɗaya a cikinsa da za ka nema, abin da kake buƙata shi ne injin huda bango mai bugu, da bakin huda na kankare, da robar da ake cusawa a ramin kafin a ɗaura. A cikin ginin bulo ma akwai bambanci, domin bulo mai rami a ciki ba ya riƙe nauyi yadda cikakken bulo ko jan bulo ke riƙewa, kuma robar da ta dace da ɗaya tana iya zamewa a ɗayan. Ginin ƙasa kuwa hukuncinsa daban ne gaba ɗaya, har a wajen yaɓe: idan aka shafe bangon ƙasa da siminti mai ƙarfi, danshin da ya shiga ba ya samun hanyar fita, sai ƙasar ta yi laushi a ƙarƙashi, yaɓen ya rabu da ita ya faɗo ɓawo guda.

A wajen wutar lantarki wannan bambanci yana iya cin rai. Soket ɗin gidajen Amurka yana ba da bolt 120, yayin da mafi yawan ƙasashen Turai da Afirka da Asiya ke amfani da 220 zuwa 240, kuma kaurin waya da girman abin katse wuta da tsarin haɗin duk suna bin wannan. Launin waya ya fi ruɗar mutane. A tsarin Amurka baƙar waya ita ce mai ɗauke da wuta, fara kuma ita ce ta komawa. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yau ake samu a gidaje da yawa a ƙasashen da suka gaji ƙa'idojinta, ja ce mai wuta, baƙa kuma ita ce ta komawa. Daga shekarar 2004 Ingila ta koma tsarin Turai, inda ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ta komawa, mai ratsin kore da rawaya kuma ta ƙasa. Ka ga ke nan kalmar "baƙar waya" tana nufin abu biyu masu karo da juna, gwargwadon ƙasar mai maganar da shekarar da aka yi wayarin gidan, kuma wanda ya riƙe launi a ka ba tare da ya gwada ba yana wasa da ransa. Ni ko a gidan da na san wanda ya ja wayarsa ba na amincewa da launi sai na gwada.

Ma'auni ma yana yaudara. Galan na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila kuma lita 4.5, katakon da ake kira biyu-da-huɗu a Amurka ainihin awonsa inci ɗaya da rabi ne da inci uku da rabi. Yanayi kuma ya shiga ko'ina: mai koyarwa a ƙasar sanyi damuwarsa ƙanƙara ce da ke fasa bututu da ɗaga harsashi, wanda ke ƙasar zafi kuwa abin da ke cinsa shi ne siminti da gam da fenti suna bushewa kafin ya gama aiki da su, ga gara tana jiran katakon da ba a yi wa magani ba. Idan darasi ya ce gam ɗin tayil yana ba ka minti ashirin ko talatin bayan ka shimfiɗa shi, ka sani an auna wannan ne a ɗaki mai matsakaicin zafi, kuma a rana mai zafi da iska lokacin yana raguwa sosai.

Abu na biyu, wanda na fi son ka riƙe, shi ne kada ka nemi darasi sai ka san ciwon da gidan ke fama da shi. Mutane suna neman magani da sunan abin da suke gani, alhali abin da ido ke gani alama ce kawai. Mutum ya ga fenti yana kumbura yana ɓarewa a ƙasan bango, sai ya rubuta "yadda ake fenti", ya samu kyakkyawan darasi, ya kankare, ya shafa, bango ya yi kyau, bayan wata uku ya koma gidan jiya. Darasin bai yi laifi ba, domin matsalar danshi ce, kuma danshi yana da mafari aƙalla huɗu: yana iya tasowa daga ƙasa, yana iya zama bututu ne ke yoyo a cikin bango, yana iya zama ruwan sama ne ke shigowa ta tsaga ko ta rufi, yana kuma iya zama tururin cikin ɗaki ne ke kwanciya a bango mai sanyi. Kowanne gyaransa daban. Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi da za su nuna maka hanya. Ka liƙa ƙyallen leda a bangon ka toshe gefensa duka da salatif, ka bar shi kwana biyu: idan raɓa ta kwanta a fuskar ledar da ke kallon cikin ɗaki, tururi ne, idan kuwa tsakanin ledar da bango ta taru, daga cikin bangon take fitowa. Idan kana zargin bututu, ka rufe dukkan famfunan gida ka duba ko mitar ruwa tana motsi, ko ka yi alama a tanki da dare ka duba da safe. Ka lura kuma ko tabon yana ƙaruwa bayan ruwan sama ne kawai ko kuwa yana nan rani da damina. Bayan ka yi wannan, abin da za ka nema ya sauya, kuma darussan da za su fito maka ma za su sauya.

Haka tsagar bango take. Siririyar tsaga kamar gashi da ta tsaya a fatar yaɓe yawanci daga bushewar siminti take, cike ta abu ne mai sauƙi. Tsagar da ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta fi faɗi a sama a kan ƙasa, tana iya nuna cewa harsashi na motsi. Ka yi alama da fensir a ƙarshenta, ka rubuta kwanan wata, ka auna faɗinta, ka riƙa dubawa na wasu makonni. Idan tana ƙaruwa, ko ta wuce kimanin milimita 5, ko ƙofofi sun fara ƙin rufuwa, injiniyan gini za ka nema, domin duk darasin cike tsaga da za ka bi a wannan hali ɓoye shaida kawai zai taimaka maka ka yi.

Yanzu ga inda ake samun bayani. Na farko a wurina, kuma wanda aka fi rainawa, shi ne rubutun da ke jikin buhu ko gwangwani ko kwalin abin da ka saya. Kamfanin da ya haɗa gam ɗin tayil ya san yawan ruwan da ake zuba wa buhunsa, da mintin da za a bar kwaɓin ya huta kafin a sake juya shi, da kaurin da za a shimfiɗa, da lokacin da za a jira kafin a taka ko a cike tsakanin tayil. Mai fenti ya rubuta faɗin bangon da lita ɗaya za ta rufe, da abin da ake sirka shi da shi, da sa'o'in da ke tsakanin shafi na farko da na biyu, da irin shafin share fage da yake so a ƙarƙashinsa. Manyan kamfanoni suna da cikakkiyar takardar bayanin kowane kaya a shafinsu na intanet, wadda ta fi ta jikin buhu zurfi, kuma kayan da ke da sinadari suna da wata takarda ta biyu ta kariya, mai sassa 16 bisa tsarin da duniya ta amince da shi, inda ake faɗin abin da ke ciki da illarsa da abin da za a yi idan ya shiga ido ko aka shaƙe shi. Ka rubuta sunan kayan da lambarsa daidai yadda suke a jiki ka nemi waɗannan takardu. Ƙa'idata ita ce, idan bidiyo ya saɓa wa takardar kamfani a kan kayan da ke hannuna, takardar nake bi, saboda mai bidiyon yana iya yiwuwa da wani kaya daban ya yi aiki, kuma idan abu ya lalace kamfanin ba zai saurare ka ba sai ka bi abin da ya rubuta.

Na biyu su ne littattafan da ake koyar da ɗaliban makarantun sana'a da kwalejojin fasaha, na gini da kafinta da aikin famfo da lantarki. Ba su da armashi kamar bidiyo, hotunansu ma zane ne, amma an tsara su ne domin wanda zai ci abinci da sana'ar, don haka suna faɗin dalili. A can za ka fahimci me ya sa ake ba sabon kankare ruwa aƙalla kwana bakwai, wato siminti yana yin ƙarfi ne ta hanyar haɗuwa da ruwa, idan ya bushe da wuri haɗuwar ta tsaya, kuma sai ya kai kwana 28 ake ɗaukar ya kai ƙarfin da aka tsara masa. A can za ka ga me ya sa bututun ƙazamin ruwa yake buƙatar gangara ta kimanin santimita 2 a kowace mita, da amfanin lanƙwasar nan da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu, wadda ruwan da ke kwance a cikinta yake tare warin kwata. Wanda ya san dalili yana iya daidaita aiki da gidansa, wanda ya haddace matakai kawai yana tsayawa cak da zarar ya ci karo da abin da ba a nuna masa ba. Ka dai duba shekarar bugu a duk abin da ya shafi lantarki da sinadarai, saboda ƙa'idoji suna sauyawa: kundin wayarin na Amurka duk shekara uku ake sabunta shi, na Ingila ma an sha yi masa gyara. Hukumar da ke kula da gine-gine a inda kake ita ce za ta gaya maka wane kundi ake bi da wane aiki ne ke buƙatar izini.

Bidiyo yana da abin da babu littafin da zai ba ka, wato ganin hannu. Yadda ake karkata cokalin yaɓe, kaurin kwaɓi idan ya yi daidai, ƙarar tayil idan akwai rami a ƙarƙashinsa, duk gani ya kori ji. Amma bidiyo ne kuma ya fi sauƙin ruɗi, saboda an yanke shi, an gaggauta shi, kuma abin da ake yankewa shi ne ɓangaren da ba ya jan ido, wato shiri da jira. Aikin fenti mafi yawansa wanke bango ne da kankare tsohon da ya saki da cike ramuka da gogewa da share ƙura da rufe abin da ba a so ya ɓaci, shafawar kanta ita ce ƙarshe kuma ita ce mafi sauƙi. Darasin da ya fara daga buɗe gwangwani ya tsallake inda aikin yake. Saboda haka idan ina tantance mai koyarwa, ina duba ko yana faɗin lambobi, wato awo da rabo da lokaci, ko kuwa "ɗan kaɗan" da "har ya yi daidai" yake ta cewa. Ina duba ko ya faɗi irin bango ko bututu ko waya da yake aiki a kai tun farko. Ina matuƙar amincewa da wanda ya nuna kuskuren da ake yawan yi da yadda za a gane an yi shi, da wanda ya dawo bayan shekara ya nuna yadda aikin ya kasance, kuma fiye da kowa ina amincewa da wanda ya ce a wuri kaza ka tsaya ka kira mai sana'a. Mutumin da bai taɓa faɗin iyakar darasinsa ba, ko dai bai san ta ba ne ko kuma bai damu da kai ba.

Yawan masu kallo ba hujja ba ne, domin abin da ya ba da mamaki shi ke yaɗuwa, kuma gajerun bidiyoyin dabarar minti ɗaya, masu toshe yoyo da abin da aka tsinta a ɗaki, an yi su ne domin a kalla a tura wa wani. Tun watan Nuwamba na 2021 YouTube ya daina nuna adadin waɗanda suka nuna ƙin bidiyo, don haka wannan ma'aunin ma ya tafi. Abin da ya rage shi ne ka karanta martanin masu sana'a a ƙarƙashinsa, idan uku ko huɗu suka nuna kuskure guda da hujja, ka ɗauke shi da muhimmanci. Ka lura kuma da wanda kamfani ya ɗauki nauyinsa, domin zai iya nuna maka yadda ake amfani da kayan daidai amma ba zai ce maka ba ka buƙatarsa ba. Manhajojin da ke amsa tambaya suna taimakawa wajen gano sunan abu ko fassara takardar kamfani, sai dai suna iya ba ka lamba cikin cikakken tabbaci alhali kuskure ce, don haka duk awon da suka ba ka ka gwama shi da takarda.

Ka yi ƙorafin cewa darussa suna musa juna, kuma nan nake so in tsaya kaɗan, saboda yawancin saɓanin akwai wani sharaɗi a ƙarƙashinsa da ba a faɗa ba. Misali mafi kusa da aikinka shi ne jiƙa tayil. Wani zai ce lallai a jiƙa shi cikin ruwa kafin a liƙa, wani ya ce kada a kuskura, kuma duka biyun sun yi daidai. Idan da kwaɓin siminti da yashi za a kafa tayil na yumɓu mai shan ruwa, ana jiƙa shi domin kada ya tsotse ruwan kwaɓin ya hana shi kamawa. Idan da gam na buhu ne, an riga an haɗa shi da sinadarin da ke riƙe ruwa, kuma jiƙaƙƙen bayan tayil yana hana shi mannewa. Akwai kuma tayil mai tauri irin na tangaran wanda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, wannan jiƙa shi ba ya ƙara komai, siminti zalla ma ba ya riƙe shi da kyau, gam ɗin da aka yi dominsa yake so. Haka farin zaren nan da ake naɗawa a bakin bututu: yana da amfani a mahaɗar da ake ɗaurewa da murɗi wadda murɗin kansa ne ke toshe ruwa, kuma ana naɗa shi ta ɓangaren da ake ɗaurewa domin kada ya warware, amma a mahaɗar da ke da zoben roba a ciki robar ce ke toshewa, naɗa shi yana iya hana ta zama daidai. Don haka idan ka ga biyu sun saɓa, kada ka ƙirga wanda ya fi magoya baya, ka nemi sharaɗin da ya raba su sannan ka duba wanne ne naka. Wani lokacin kuma ɗaya kuskure ne kawai, kamar ɗiga gam dunƙule biyar a bayan tayil, wanda yake barin rami a ƙarƙashi, ruwa ya taru, tayil ya fashe ranar da aka ajiye abu mai nauyi a kansa. Ana shimfiɗa gam da cokali mai haƙora ya game wurin.

Akwai darasin da ya fi duk waɗannan, wato tsayawa kusa da mai sana'a yana aiki. Idan ka kira magini ko mai gyaran famfo, ka nemi izininsa ka kalla, ka tambaye shi cikin girmamawa me ya sa ya yi kaza, kuma idan ka ɗauki lokacinsa ka biya shi haƙƙin lokacin. Shi ya san yashin da ake samu a inda kake da halin ƙasar wurin da kayan da ke da kyau a kwali amma ba sa ƙarko, abubuwan da ba a rubuta a ko'ina ba. Sai dai shi ma ɗan Adam ne, yana iya gadon wata al'adar aiki da ba daidai ba, kamar ƙara ruwa a kankare domin ya yi sauƙin zubawa, alhali yawan ruwa yana rage masa ƙarfi. Na taɓa duba wani daɓe da ya riƙa tashi gari-gari kafin ya cika shekara, kuma da na bincika na tarar babu abin da aka rage na siminti, ruwa ne aka yi masa yawa sannan aka bar shi a rana ba a ba shi ruwa ba. Ka haɗa abin da ya gaya maka da abin da takarda ta ce, inda suka haɗu ka samu tabbaci, inda suka rabu ka sake tambaya.

Darasi mai kyau ba ya shiru a kan lafiyarka, kuma idan ya yi shiru ga abin da ya kamata ka sani da kanka. Tsofaffin allunan rufi da silin masu kama da siminti da yawa suna ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare, wanda ƙurarsa ke haddasa cutar huhu da daji bayan shekaru masu yawa, Ingila ba ta haramta shi gaba ɗaya ba sai 1999, kuma har yau akwai ƙasashen da ake amfani da shi. Idan yana nan lafiyayye ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, yanka shi ko huda shi ko goge shi ne ke sakin ƙurar, don haka kada ka yi ko ɗaya. Tsohon fenti mai mai yana iya ɗauke da dalma, Amurka ta hana shi a gidaje a 1978 amma wasu ƙasashe sun daɗe bayan haka ana sayarwa, kuma ƙurarsa ta fi illa ga yara ƙanana da masu juna biyu. Yankan tayil ko kankare a bushe yana tayar da ƙurar da ke taurara huhu, shi ya sa ake yanka da ruwa da abin rufe hanci na gaske. Ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali ba tare da an ji da wuri ba. Ba a haɗa sinadarin bilic da wani abin wanki mai tsami ko mai amoniya, domin iskar da ke fita guba ce. Tsani kuma ana jingina shi ne ƙafarsa ta nisanci bango da mita ɗaya a kowace mita huɗu ta tsawo.

Sannan akwai ayyukan da ba na ba kowa shawarar ya koya daga darasi komai kyansa: akwatin rarraba wuta da jan sabuwar waya, bututun gas, rushe bango ko faɗaɗa ƙofa a bangon da ba ka tabbatar ba ko yana ɗauke da nauyi, sare ginshiƙi ko yanke rodi domin bututu ya wuce, da hawa rufi mai tsawo. Kuskure a fenti kana ganinsa nan take ka gyara, amma waya da ba a ɗaure da kyau ba tana iya yin shekara tana zafi a cikin bango kafin ta kama wuta da dare. Ko sauya makunni ko soket, wanda mutane da yawa suke yi da kansu inda doka ta yarda, yana buƙatar ka katse wuta daga akwati, ka tuna cewa gidan da ke da janareta ko sola ko batir yana iya samun wuta ta wata hanya bayan ka kashe ta farko, sannan ka gwada da na'urar gwaji mai baki biyu wadda ka tabbatar tana aiki, domin sukudirebar gwaji mai ɗan ƙwan fitila a ciki ba abin dogaro ba ce.

Game da ayyuka huɗu da ka lissafa, da ni ne kai da famfo zan fara. Ka rufe ruwa daga tushe, ka buɗe famfon ya tsiyaye, ka toshe ramin kwata kada ƙaramin abu ya faɗa, ka ɗauki hoto a kowane mataki na kwancewa, sannan ka tafi da robar ko zuciyar famfon da ta lalace wurin saye domin a ba ka irinta daidai, saboda famfon da ake murɗawa sau da yawa da wanda ake juyawa rubu'in zagaye kawai cikinsu ba iri ɗaya ba ne. Daga nan sai kanta, kuma kafin ka huda ka dubi inda soket da makunni da famfo suke, domin wayoyi da bututu galibi suna tafiya a miƙe sama ko ƙasa ko gefe daga gare su, kada ka huda a kan waɗannan layuka. Fenti ka fara da ƙaramin ɗaki, idan yaɓen sabo ne ka bar shi ya bushe makonni, ka shafa gwaji a faɗin mita ɗaya a wurin da ba a cika gani ba ka duba shi bayan kwana biyu. Tayil ka bar shi ƙarshe, ka fara da ɗan bangon da ke bayan wurin wanke hannu, banɗaki kuwa ka jira sai hannunka ya faɗa, saboda can akwai gangarar daɓe zuwa kwata da shafin hana ruwa ratsawa da ake yi kafin tayil, kuma idan aka kuskure ɗaya daga cikinsu sai an ɓamɓare duka a sake.